Allurar da Yaya Ta Ce Ta Yi

Yayata ungozoma ce. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, duk sauran mutanen unguwa, har da tsofaffin da suka girme ta, Sista suke kiranta. Ta yi aiki a ƙaramin asibitin haihuwa da ke ƙarshen layinmu tun ina budurwa har na fara furfura. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar asibitin, gida ɗaya kuma muka zauna da ita bayan mazanmu sun rasu, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Asibitin babu likita a cikinsa. Ungozomomi ne suke riƙe da shi, tun daga awon ciki har yanke cibi, sai in abu ya fi ƙarfinsu su tura mace babban asibiti. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da dogon benci a baranda inda masu ciki suke jira, da firij ɗin allurai wanda Yaya take lallaɓawa fiye da yadda ta taɓa lallaɓa mijinta, Allah ya jiƙansa.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum tafiyarta kamar wadda ta bar tukunya a wuta. A gidanmu ni ce mai surutu, ita ce mai gaskiya, irin gaskiyar nan da takan sa ka ji kamar ka toshe wa mutum baki. In na ɗinka riga ta karkace, kowa zai ce ta yi kyau, Yaya kuwa sai ta ɗaga ta ta ce, "Wuyan nan faɗa suka yi da kafaɗa?" Mun sha yin gaba a kan irin wannan, amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ko ta wasa.

Wannan halin nata ne ya sa mata suka yarda da ita. Mace ta tambaye ta, "Sista, zai yi zafi?" ba ta cewa a'a. Cewa take, "Zai yi, hannun ma zai yi miki tsami har gobe." In ba ta san abu ba, ta ce ba ta sani ba. Sannu a hankali maganarta ta zama abin da ake kashe gardama da shi a cikin gidaje. Miji na ja, uwar miji na ja, da mace ta ce "Sista ce ta faɗa," sai kowa ya kama bakinsa.

Inda ta fi shan wahala shi ne allurar tarin shiƙa. Uwa ake yi wa idan ciki ya yi nisa, don jariri ya fito da kariya a jikinsa, ta riƙe shi kafin ya kai a yi masa tasa. Mata ba sa son ta. "Ni lafiyata lau, a tsira mini allura ina ɗauke da ciki?" Wata ta ji tana zubar da ciki, wata ta ji tana hana wani shiga, wata kuma tsoron tsinin ne kawai take lulluɓewa da dogon bayani. Yaya ba ta yi musu tsawa. Takan zauna kusa da mace a kan bencin, ta tuɓe takalmi saboda ciwon ƙafa, ta saurari duk abin da aka gaya mata, komai shirmensa. Sa'an nan ta faɗi abin da ta gani da idonta, yadda tarin yake sarƙe jariri har numfashi ya ɗauke. Daga ƙarshe ta ce, "Jikinki ne, ke za ki yanke. Amma da ni ce, da na yi." Mafi yawansu sukan miƙa hannu.

Doka ɗaya ta kafa wa kanta, ba ta taɓa jininta. Ni ce sanadi. Ranar da na haifi ɗan farina a hannunta, na yi ta ihu ina kiran sunanta, hannunta ya kama rawa har sai da wata ta karɓe ta. Tun daga ranar, duk wata 'yar'uwa da ta zo awo, sai ta miƙa ta ga abokiyar aikinta, wadda muke kira Mai Tabarau, ta koma gefe ta kame bakinta.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta. Ba wanda yake tuna sunan yarinyar na yanka, 'Yar Sista ake ce mata tun tana rarrafe. Ta taso shiru-shiru, mai zurfin ciki, ta zama malamar ƙananan yara, ta auri wani kafinta wanda shi ma maganarsa ba ta cika cokali. Nakan tsokane su in ce gidansu ko ɓera ya shiga sai ya yi sallama don ya ji muryar mutum.

Cikinta na farko ya zube. 'Yan kwanaki kafin haka an yi mata wata allura ta masu ciki, sai abin ya tsaya mata a rai. Tana kwance ta tambayi uwarta, "Mama, ko allurar nan ce?" Yaya tana ninke zanin gado ta ce, "Babu ruwan allura. Irin wannan yana faruwa ko an yi ko ba a yi ba." Gaskiya ta faɗa. Amma da muryar aiki ta faɗe ta, a tsaye, ba ta zauna ba. Yarinyar ta juya fuskarta bango, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Daga nan ciki ya ƙi zuwa, shekara da shekaru. Da ya zo kuwa, yarinyar ta riƙe shi kamar ƙwai. Yaya ta miƙa ta ga Mai Tabarau yadda ta saba. Da lokacin allurar tarin ya yi, 'Yar Sista ta ce wa Mai Tabarau, "Anti, Mama za ta yi mini a gida." Mai Tabarau ba ta ja ba. Wa zai tsaya yana yi wa 'yar Sista wa'azin allura? Da wata ce daban da ta zaunar da ita ta titsiye ta. Ita kuma Yaya, wata safiya tana sa takalmi a bakin ƙofa, ta waiwayo ta ce, "An yi miki ta tarin?" Yarinyar ta ce, "An yi." Shi ke nan. Matar da take ɓata rabin hantsi a kan benci tana lallashin 'ya'yan mutane, tata 'yar tambaya ɗaya ta samu, ita ma a bakin ƙofa. Duk wannan daga baya muka sani.

Namiji ta haifa, mai gashi kamar an shafa masa mai. Ban taɓa ganin Yaya ta zauce irin na lokacin ba. Da ta tashi daga aiki sai gidan kafinta, ta ɗauki yaron tana cewa, "Angona, yau me ka ajiye mini? Ko ka yi sabuwar budurwa ne?" Ni ma na ce mata ta yi a hankali, angon nan da ni ma yana yi mini kallo.

Bai kai lokacin allurarsa ba mura ta kama shi. Muka ce mura ce. Wata la'asar muna zaune a tsakar gidan, uwarsa tana ciki da shi, sai muka ji ya fara tari, ƙanana-ƙanana a jere ba hutu, daga nan kuma shiru. Shirun ne ya tayar da Yaya. Ta watsar da kofin da ke hannunta ta faɗa ɗakin. Da ta fito da shi leɓensa ya yi duhu, tana bubbuga bayansa tana cewa a nemo mota.

A babban asibiti aka sa masa robar iska a hanci, aka hana mu shiga. Muna tsaye a baranda mu uku, ni da Yaya da 'yarta, kafinta ya tafi sayo magani. Yaya tana ta kai-komo tana magana ita kaɗai. "Ai an yi miki allurar. Bai kamata ya yi masa wannan kamun ba. Bai kamata ba."

Yarinyar ta jingina da bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Mama, ba a yi mini ba."

Yaya ta tsaya cak.

"Na ce wa Anti ke za ki yi mini. Ke kuma na ce miki ta yi."

"Don me?"

"Tsoro na ji. Na ce kada ya zube kamar wancan."

Ni da zafin kaina na buɗe baki, Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta zauna a ƙasan nan da fararen kayanta, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya. Yaron ya yi 'yan kwanaki yana fama, wata safiya ya cika.

A zaman gaisuwa ɗakin ya cika da mata. 'Yar Sista tana kusurwa, ba ta ci ba ta sha, ba ta ma kuka, idonta a buɗe kamar ba ta ganin kowa. Uwar mijinta ba muguwar mace ba ce, baƙin ciki ne ya sa take neman abin kamawa. Ta dubi Yaya ta ce, "Sista, ba ke kike cewa akwai allurar da ake yi wa uwa saboda tarin nan ba? Ita an yi mata kuwa?"

Kafinta yana tsaye a bakin ƙofa da tabarma a hannu. Na ga bakin yarinyar ya motsa.

Yaya ta riga ta. "An yi mata," ta ce. "Ni na yi mata da hannuna."

Ba wanda ya yi shakka, har Mai Tabarau da ke zaune a gefe ta gyaɗa kai, don abin da aka gaya mata ke nan tun farko. Uwar mijin ta share hawaye ta ce to, kwanansa ne ya ƙare. Da muka koma gida na tare ta a ɗaki na ce, "Yaya, me kika yi ke nan?"

"Kin ga idonta?" ta ce. "In suka ɗora mata wannan a gaban mijinta, ba za ta tashi ba. Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba."

Ban iya ce mata ta yi kuskure ba a ranar. Ni ma na ga idon.

Sai dai magana ba ta zauna a ɗakin ba. Kafin a share makoki ta zaga unguwa. Jikan Sista ma, da hannunta ta yi wa uwarsa allurar, ga shi tarin ya kashe shi. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce wa ya sani ma ko allurar ce ta jawo. Da wani ne ya faɗa da an musa, amma Sista ce ta faɗa, Sista kuwa ba ta ƙarya.

Daga shagona ina ganin bencin. Mata suna zuwa awo yadda suka saba, a auna su, a saurari bugun jariri, da an zo maganar allura sai su gyara mayafi su ce sai wani zuwan. Yaya tana zama kusa da su kamar da. Takan ce, "Ko an yi, wani lokacin yana kamawa, amma da wuya, kuma ba ya yin tsanani haka." Wannan ma gaskiya ne, amma tana faɗa tana kallon ƙasa, mata kuwa ba wawaye ba ne. Suna tausayinta, suna yi mata sannu, su tashi da hannunsu a rufe.

Jikin shagona akwai wata mai kitso, yarinya mai dariya da yawa, wadda Yaya ce ta karɓi haihuwarta. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ta ɗauki Yaya kamar uwa, ni kuma take ce mini Anti Tela. Tana ɗauke da cikin fari a lokacin. Da ta ƙi allurar a asibiti, Yaya ta tsallako titi ta same ta a shagona tana zaɓen yadin kayan jariri.

"'Yata, zo mu je in yi miki. Ba zai ɗauki lokaci ba."

Mai kitso ta sunkuyar da kai. "Sista, wallahi ba raini ba ne. Ke kika fito da ni duniya, in kika ce in faɗa rijiya zan faɗa. Amma taki 'yar an yi mata, da hannunki ma, ga abin da ya faru. To ni me za ta tsare mini? Gara in bar cikina yadda Allah ya ajiye shi."

Na ɗauke ƙafata daga keken ɗinkin. Na zuba wa Yaya ido. Bakinta ya buɗe, na rantse har na ji farkon maganar a maƙoshinta. Sai ta haɗiye.

"Ki dai ƙara tunani," ta ce, ta juya ta tsallaka titi.

Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce ta gaya wa yarinyar ita kaɗai, a ɓoye. Ta ce, "Mai kitso? In ta ji da safe, kafin azahar duk kan da ta taɓa ya ji." Na ce to bari ni in faɗa. Ta ce in na faɗa, kada in sake kiranta Yaya. Ta ce a bari 'yarta ta ɗan warware tukuna, ta fara cin abinci, ta koma makaranta, sa'an nan za ta san yadda za ta gyara. Kullum amsar ke nan, a bari tukuna. Shi kuwa ciki ba ya jiran kowa. Ta koma wajen mai kitso ta roƙe ta, ta sake komawa, ta kawo mata kowace hujja ban da guda ɗayan da za ta yi aiki.

Mai kitso ta haifi mace a hannun Yaya, lafiya lau. Muka yi murna, Yaya ta rame. Tarin bai bar unguwar ba, yana bin yara manya su yi ta fama su warke. Kullum da safe sai ta leƙa gidan mai kitso, ta hana masu mura shiga, ta kori baƙi, har mijin ya fara ƙorafi. Tana jiran ranar da jaririyar za ta kai a yi mata tata allurar kamar mai jiran a sake ta daga kurkuku. Saura kaɗan ta kai, tarin ya riga mu. Yaya ce ta ɗauke ta zuwa babban asibiti, ita ce kuma ta dawo da ita a naɗe cikin zani.

Muka je gaisuwa tare. Matan unguwa sun cika ɗakin, har da uwar mijin 'Yar Sista. Mai kitso tana zaune a kan katifa, nono yana jiƙa mata riga. Da ta ga Yaya sai ta kamo hannunta da hannu biyu.

"Sista, kada ki sa wa ranki komai. Kin roƙe ni, kin bi ni har shago, ni ce na ƙi. Kuma ko da na yi, ai haka za a yi, tun da naki ma bai tsira ba. Ki yafe mini wahalar da na ba ki."

Yaya ta daɗe tana kallon hannun da ke riƙe da nata. Sa'an nan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Ba a yi wa 'yata allurar ba. Ban yi mata ba, ba wanda ya yi mata. Ƙarya na yi don in rufa mata asiri."

Mai kitso ta dube ta kamar ba ta gane yaren ba. A hankali ta zare hannunta.

"Yau kike gaya mini, Sista?"

Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ba, ba ta yi ihu ba. Na kama Yaya na fitar da ita.

Kafin yamma labarin ya isa gidan kafinta. Ya rufe shagonsa, ya shiga ɗaki ya zauna kusa da matarsa. Daga baya ta gaya mini abin da ya ce: "Da kin faɗa mini, da mun ji tsoron tare." Bai sake ta ba, bai ko ɗaga mata murya ba. Uwarsa ta yi faɗa na wani lokaci, ta gaji ta bari. Ko haka zai yi da ya ji a makon farko, Allah kaɗai ya sani. Nakan kwana da wannan tambayar, kuma na san Yaya ma tana kwana da ita. Har yau ina jin haushinta, har yau kuma in na dube ta sai tausayi ya hana ni faɗa.

Mata sun koma karɓar allurar, a hannun Mai Tabarau. Yaya ba ta sake sa fararen kaya ba. Ba wanda ya kore ta, an ma zo har gida an roƙe ta. Ta ce ba ta da bakin da za ta ce wa wata ta yarda da ita.

Yanzu a shagona take wuni, tana sa mini maɓallai, idonta ya fara rauni sai na zura mata zare. Mai kitso ba ta tashi daga jikinmu ba, nan ne sana'arta. Kowace safiya takan zo ta buɗe ƙofarta, ta leƙo ta ce, "Anti Tela, ina kwana?" Ni kaɗai take gaisarwa, idonta ba ya sauka a kan kujerar da ke gefena. Yaya takan jira har ta shige, sa'an nan ta ce a hankali, "Lafiya lau, 'yata."